Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da ya rubuta dokokin lissafi tun kafin zuwan kwamfuta

Daga Assamaka zuwa Arlit da Agadas, mun sha jin iyaye suna cewa kwamfuta abin Turawa ce, ba ta dace da ɗan mai tireda ko 'yar mai sayar da dabino ba. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin wani malami ɗan ƙasar Hausa, domin mu ga ko wannan magana tana da tushe.

Sunansa Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani mutumin Katsina. Ya yi karatun addini da na Larabci, ya kuma zurfafa a ilmin hisabi da na taurari. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi, wadda take cikin Chadi a yau. Wajajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar, a gidan babban malami Hasan al-Jabarti. A nan Allah Ya karɓi ransa a shekarar 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukin nasa.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne rubutun da ya yi wajajen 1732 a kan hatimi, wanda malamai ke kira wafaƙi. Ga misali: a zana gida tara, uku-uku. A layin farko a sa 2, 7, 6. A na biyu 9, 5, 1. A na uku 4, 3, 8. Ko ta ina aka haɗa, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. In gidajen 25 ne, kowane layi zai ba da 65. Malam bai tsaya ga nuna sakamako ba. Ya shimfiɗa dokoki daki-daki: inda za a ajiye lambar farko, inda za a matsa, da abin da za a yi in an kai bakin zane ko an tarar da gida a cike. Duk wanda ya bi dokar zai dace, ko da bai san dalilinta ba.

To, wannan shi ne asalin aikin kwamfuta. Ana ba ta bayani, ta bi umarnin da aka rubuta mata ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fito da amsa. Ƙarfen da allon su ne gangar jiki, jerin umarnin kuwa shi ake kira manhaja. In an shigar da lamba ba daidai ba, amsa ma za ta fito a karkace, kamar dai littafin bashi da aka yi kuskuren rubutawa. Wayar da kike lissafin cinikin taliya da ita, Hajiya, ƙaramar kwamfuta ce. Kalmar algoritim ma, da ake kiran irin wannan jerin matakai, daga sunan al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9.

Saboda haka mu bar yaranmu, maza da mata, su koyi buga rubutu, da adana bayani, da lissafin riba da faɗuwa a kwamfuta. Ɗan da ya iya wannan, ba mai cutar uwarsa a lissafi. Allah Ya jiƙan Malam al-Kashinawi, Ya sa albarka a kasuwarmu.