Muhammadu Kanta, Mai Ganuwar Surame

Muhammadu Kanta, wanda ake kira Kanta Kotal, shi ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Da farko jarumi ne mai mara wa Askiya Muhammadu na Songhai baya, har suka ci Agadas tare wajen shekarar 1515. Rabon ganima ne ya shiga tsakaninsu. Da Kanta ya ga an tauye shi, sai ya yi tawaye, ya kori rundunar da Askiya ya turo, Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Daga nan ya mai da Surame babban birninsa, ya kewaye ta da ganuwar duwatsu. Rundunar Barno ta zo ta yi wa birnin ƙawanya, ta koma ba ta ci shi ba. Kanta ya rasu a tsakiyar ƙarnin, bayan an harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina yana komowa daga yaƙin Barno.

Wajen 1700 sarauta ta koma Birnin Kabi, Surame ta zama kufai. Kufan na nan a Jihar Sakkwato. A 1964 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, a 2007 kuma ya shiga jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO.

A ƙasar Peru, kullum 'yan jagora na kai baƙi kufan Machu Picchu na daular Inka, wanda bai girmi Surame da shekara ɗari ba. Mu kuwa, ɗalibai nawa ne suka taɓa taka Surame? Allah ya jiƙan mazan jiya.