Heinrich Barth: Bajamushen da ya ratsa dajin Gazawa a 1851, dajin da babu shi a yau

Duk wanda ya hau mota daga Maraɗi ya nufi Tasawa, sai ya ratsa Agiye sannan Gazawa, kuma abin da zai riƙa gani dama da hagu gonaki ne, wannan na jingine da waccan, ga gawo da kalgo a tsaitsaye cikinsu. Da wuya ya hango wani fili da ba shi da mai shi. A watan Janairun 1851, wani baƙo ɗan shekara 29 ya iso Gazawa tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya tarar da gari a kulle cikin kafi da gwalalo, daga kudancinsa kuma daji ne da ba a shigarsa sai an haɗa ƙarfi. A ƙasarsu sunansa Heinrich Barth. A ƙasar Hausa da Barno kuwa Abdulkarim aka san shi da shi.

An haifi Barth a birnin Hamburg na Jamus ranar 16 ga Fabrairun 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya tara abin hannunsa da guminsa, ya kuma zuba shi a karatun ɗansa. Yaron ya tashi ba mai son shiga mutane ba, sai littafi da koyon harsuna. A 1839 ya shiga Jami'ar Berlin, inda ya zauna gaban Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin labarin ƙasa na zamani. Karatun Ritter shi ne ba a raba ƙasa da mutanen da ke kanta: kogi da dutse suna juya tarihin al'umma, al'umma ita ma tana sauya kamannin ƙasar da take zaune. Wannan darasi ne Barth ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Digirinsa na dakta, wanda ya kammala a 1844, a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na Girka ya yi shi, wato tun farko hankalinsa na kan hanyoyin fatauci da garuruwan da suke rayawa.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, ya goge Larabcinsa, ya kuma ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan fashi kusa da iyakar Libiya da Masar, inda suka ji masa rauni, ya rasa yawancin rubuce-rubucensa. Da ya koma Berlin ya gwada koyarwa, ɗalibai suka ƙi zuwa. Ana cikin haka gwamnatin Ingila ta shirya aika James Richardson ya ƙetare Sahara don ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan, da kuma neman hanyar daƙile cinikin bayi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850.

Saura kaɗan tafiyar ta ƙare tun ba a je ko'ina ba. Kusa da Ghat, Barth ya yi taurin kai ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ƙishirwa ta sa ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa kafin wani Buzu ya tsince shi. A watan Oktoba ya shiga Agadas. A tsawon zamansu a Abzin ne ya koyi Hausa daga bakin bayi da barori da fatake, don haka ko da ya iso kudu yana iya tambaya da kansa, yana kuma jin amsa ba tare da tafinta ba. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta shi da yawancin Turawan da suka biyo bayansa.

A Damargu suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi yamma zuwa Gobir da Maraɗi, shi kuma Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano.

Kafin a gane abin da ya gani a Gazawa, sai an koma baya kaɗan. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Birnin Katsina a wajajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya gudu arewa. Sarki Magajin Halidu ya ƙare a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram, daga baya, a wajajen 1819, ya zo ya zauna a Maraɗi, a bakin gulbi. Gobirawa su ma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836 a hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun kafa sabon birni a Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, 'yar tazara kaɗan daga Maraɗi, a yankin da yau ke cikin gundumar Gidan Rumji. Daga waɗannan garuruwa biyu ake fita hari zuwa ƙasar Katsina da Zamfara, daga can ma ana ramawa. Shekara da shekaru ana haka.

Barth ya bayyana Gazawa a matsayin garin kafi na ƙarshe ta kudu a cikin ƙawancen Maraɗi da Gobir. Ya lura garin kusan murabba'i ne, kowane ɓangare da ƙofarsa ta ƙasa, a saman ƙofar kuma akwai wurin da 'yan baka za su tsaya. Ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu 10. Adadi ne mai yawa ga gari irin wannan a lokacin, kuma dalilin a bayyane yake: ba wanda ke iya kafa gida shi kaɗai a gona, kowa ya tattaro iyalinsa ya shigo bayan kafi. Noma ma iyakarsa inda mutum zai iya rugowa gida idan an yi kururuwa.

Da ayarin ya bar garin sai ya faɗa cikin daji, ana tafe a dunƙule, kowa na sauraren motsi. A tsakiyar wannan daji ne aka nuna wa Barth kufan Ɗankama, babu abin da ya rage sai wata ƙatuwar kuka. A nan karatun Ritter ya yi masa rana. Wani matafiyin da sai ya rubuta cewa ya ratsa ƙungurmin daji, ya wuce. Barth ya gane ƙasa ce da aka taɓa nomawa, mai garuruwa da rijiyoyi, wadda yaƙi ya kore mutanenta, itatuwa suka maye gurbinsu. Dajin ya zama katanga tsakanin abokan gaba biyu, kuma mafaka ga mahara. Da ya isa Birnin Katsina sai ya ga ɗaya fuskar al'amarin: ganuwa mai zagayen mil 13 ko fiye, amma mutanen ciki, a ƙiyasinsa, ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, sun takure a kusurwa guda, sauran fili ya koma gonaki da kufai. Fatake sun kwashe sun koma Kano, inda hari bai cika kaiwa ba.

Sai bayan shekara fiye da 120, a 1974, masanin falsafar nan na Faransa, Henri Lefebvre, ya fitar da littafinsa da ke cewa wuri ba fanko ba ne da mutane ke zuwa su cika, al'umma ce ke ƙera shi da aikinta da mulkinta da tsoronta. Barth bai yi irin wannan dogon nazari ba, shi mutum ne mai agogo da kamfas da littafin aljihu, yana rubuta sunan kowace rijiya da kowane ƙauye da farashin gero a kasuwa. Amma hanyar Gazawa zuwa Katsina, yadda ya zayyana ta, misali ce da ta fi shafuka da yawa na falsafa saurin shiga kai.

Abin da ya faru da dajin bayan wucewarsa ya ƙara tabbatar da hakan. Da Faransa da Ingila suka raba yankin, iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bi ta wannan tsohon fagen yaƙi, Gazawa ta faɗa ɓangaren Faransa, Ɗankama ta faɗa na Ingila. Yau tana ƙaramar hukumar Kaita a jihar Katsina. Da hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga bayan kafi, maharba da manoma suka riƙa sare daji suna haƙa rijiya, gari ya ɗauki sunan wanda ya fara zama. Sunayen da ke farawa da Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, da suka cika taswirar Agiye da Gidan Rumji, kowanensu tarihin wani magidanci ne da gatarinsa. Noman gyaɗa don biyan haraji ya ƙara wa saran daji gudu, jama'a ta ninka, gona ta daina hutawa. Zuwa farin shekarun 1970 da 1980 ƙasar da Barth ya ratsa cikin duhun itatuwa ta koma fili fetal da iska ke kwasar yashi. Daga baya kuma manoman yankin, musamman a ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke Agiye, suka shahara da sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sare shi. Itatuwan da matafiyi ke gani yau a bakin hanya, galibinsu hannu ne ya rene su, kuma kowanne da mai shi. Rikicin da ake yi yanzu a kan burtali da gonar gado, da samarin da ke tafiya ci-rani saboda rabon da ya zo musu bai kai ya ciyar da gida ba, duk a kan wancan dajin da ba mai so a 1851 ake yin su.

Shi kuwa Barth, Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki yana neman kyauta mai tsoka kafin ya sake shi. Ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairun 1851, ba kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi. Duk da haka ya hau Dala, ya zana taswirar birnin da unguwanninsa, ya ƙiyasta mazaunansa dubu 30, adadin da ke ninkawa a lokacin fatauci, ya kuma bi sawun tufafin Kano har zuwa Timbuktu da Tarabulus. Richardson ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Overweg, wanda ya yi makonni a Tsibiri da Maraɗi, ya rasu a bakin tafkin Chadi a Satumban 1852, ya bar rubutu a warwatse mai wuyar karantawa. Wannan babbar asara ce ga tarihin Gobir da Katsinar Maraɗi, domin shi ne ya zauna da su, Barth gefensu kawai ya bi.

Akwai tabo a tafiyar. Barth ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya ga yadda ake ƙona ƙauyuka ana kama bayi. Ya rubuta abin da ya gani ba tare da ɓoyewa ba, ya ce ba shi da wata hanyar ganin ƙasar, amma masu yaƙi da bauta a Ingila ba su yafe masa ba. Haka kuma bayanan da ya tara sun amfani waɗanda suka zo cin ƙasar da yaƙi shekaru 50 bayansa, ko da ba don haka ya tara su ba.

A farkon 1853 ya sake ratsa yankin daga Damagaram zuwa Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya samu kwafin Tarikh al-Sudan a Gwandu ya kwafi abin da ya iya. Ya shiga Timbuktu ranar 7 ga Satumban 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya kare shi daga masu neman ransa har ya fita a shekarar da ta biyo. A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. Ya isa Landan a Satumban 1855, bayan tafiyar fiye da kilomita 15,000.

Bai koma shi kaɗai ba. Ya tafi da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya faɗa wa J. F. Schön su ne ƙashin bayan littafin Magana Hausa na 1885. Yana cikin Hausawan farko da suka bar bayanin yadda suka ga Turai da idonsu.

Littafin Barth ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, shafi kusan 3,500. Bai yi kasuwa ba. Masu karatu sun fi son na David Livingstone, mai zakoki da wa'azi, a kan jerin sarakunan Barno da Songhai da ke nuna cewa Afirka na da rubutaccen tarihi. Ya ɓata da jami'an Landan, ya koma Jamus, inda sai a 1863 aka ba shi kujerar farfesa a Berlin, ita ma ba cikakkiya ba. Bai yi aure ba. Yana cikin aikin wallafa kalmomin harsunan da ya tattara, ciki har da Hausa da Kanuri da Fulatanci, ciwon ciki ya kama shi, ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 1865 yana da shekara 44.

A Agadas da Timbuktu har yanzu ana nuna wa baƙi gidajen da ya sauka. A Gazawa kuwa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, a wajen kafi ya kafa tantinsa tare da ayari, kuma ba a daɗe ba suka ɗaura kaya suka shiga dajin.