Ernest Cognacq, ɗan tebur ɗin da ya gina kantin Samaritaine

Jama'a, yau a filinmu na tarihi mun leƙa Paris, babban birnin Faransa, inda wani tsohon kanti yake tsaye bakin kogin Seine. Sunansa Samaritaine. Wanda ya kafa shi, Ernest Cognacq, an haife shi a 1839 a tsibirin Ré, kuma yana yaro babansa ya rasu, dole ya bar lakwal ya shiga talla.

Da ya iso Paris ya buɗe shago, ya karye. Sai ya koma kan gadar Pont-Neuf yana kasa yadi ƙarƙashin wata jar lema, irin wanda mu nan za mu ce ma ɗan tebur. A 1870 ya kama hayar ɗan ɗaki kusa da gadar, a 1872 ya auri Marie-Louise Jaÿ, wadda ta ƙware da saida tufafi a kantin Bon Marché. Mu dai a ganinmu rabin arzikin nan nata ne. Kaɗan-kaɗan suka riƙa sayen gidajen maƙwabta suna fasa bango.

Ginin shi ne abin kallo. Mai zanen gine-gine Frantz Jourdain ya kammala babban sashen a 1910, da ƙarfe da gilashi. Bai ɓoye ƙarfen cikin dutse ba yadda aka saba, ya bar shi fili, ya ƙawata bango da zanen furanni masu launi. Sama kuwa rufin gilashi ne, haske na sauka bene bayan bene, mai saye ya ga launin yadi da idonsa. Ƙarƙashin rufin an zana ɗawisu kewaye. Masu birnin da yawa sun ce ƙyale-ƙyalen ya yi yawa, shi ya sa sashen da Henri Sauvage ya ƙara ta gefen kogi aka lulluɓe shi da dutse.

Matar ta rasu a 1925, shi kuma a 1928. Ba su haihu ba, amma sun bar kyautar kuɗi ga iyalai masu ƴaƴa da yawa.

A 1990 gwamnati ta sa ginin cikin kayan tarihi da doka ke karewa. An rufe kantin a 2005 don gudun gobara, ya yi shekara 16 a kulle. An sake buɗe shi a watan Yunin 2021, ɗawisun na nan, sai dai kayan ciki yanzu sun fi ƙarfin aljihun talaka.