Erskine May, akawun majalisa da ya ga wucewar firaministoci 11

A daren 8 ga Yunin 1885, wayewar garin 9 ga wata, Majalisar Wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a kan wani sashe na kasafin kuɗi da ya nemi ƙarin haraji a kan giya da barasa. Gwamnatin William Gladstone ta sha kaye, 'yan adawa na da ƙuri'a 264, ita tana da 252. Kuɗin da take nema na cike giɓin da yaƙin Sudan da shirin fito-na-fito da Rasha a kan iyakar Afganistan suka haddasa ne, domin a lokacin ba a cika wata biyar ba da dakarun Mahadi suka ci birnin Khartoum suka kashe Janar Gordon.

Gladstone ya yi murabus, amma wanda Sarauniya Victoria ta kira ya gaje shi, Lord Salisbury, ya yi ta jan ƙafa har kusan mako biyu. Dalilinsa a fili yake. Jam'iyyarsa ta Conservative ba ta da rinjaye a majalisa, kuma ba halin a ruga zaɓe, domin an faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a a 1884, dokar sake shata mazaɓu ba ta kammala ba, rajistar sababbin masu zaɓe ma ba ta haɗu ba. Salisbury ya nemi Gladstone ya yi masa alkawarin ba zai hana shi kuɗin tafiyar da gwamnati ba kafin zaɓe.

Duk tsawon wannan ciniki, majalisa ba ta rufe ƙofa ba. Tana zama ta taƙaita, ta duba abin da ba ya jira, ta ɗage. A gaban kujerar kakaki kuwa, bakin teburin majalisa, akwai wani dattijo ɗan shekara 70 sanye da baƙar riga da hular gashi irin ta lauyoyi, wanda aikinsa shi ne ya san abin da ya halatta a yi a irin wannan rana da abin da bai halatta ba. Sunansa Sir Thomas Erskine May, Akawun Majalisar Wakilai.

Yaron ɗakin karatu

An haife shi a Landan ranar 8 ga Fabrairun 1815. Ya yi karatu a makarantar Bedford, bai shiga jami'a ba. A 1831, yana ɗan shekara 16, aka ɗauke shi mataimakin mai kula da ɗakin karatu na Majalisar Wakilai. Daga nan har ya ajiye aiki shekara 55 ke nan, bai sake wani wurin aiki ba.

Shekara uku da fara aikinsa, ranar 16 ga Oktoban 1834, gobara ta cinye tsohuwar Fadar Westminster. Asalin wutar abin takaici ne: wasu tsofaffin sandunan lissafi na baitulmali aka ƙona a murhun da ke ƙarƙashin Majalisar Dattawa, wutar ta fi ƙarfin murhun. Akasarin takardun Majalisar Wakilai suka ƙone, amma kundayen da ake rubuta hukuncin kowane zama, waɗanda suka faro tun 1547, sun tsira. A cikin waɗannan kundaye May ya yi ƙuruciyarsa. Shi da shugabansa Thomas Vardon suka tsara musu fihirisa, aikin da ke bukatar mutum ya bi shafi bayan shafi yana lura da abin da majalisa ta yanke duk lokacin da wata matsala ta taso. A tsakanin haka ya karanci shari'a, ya zama lauya a 1838, ya yi aure a shekarar da ta biyo.

Majalisar Birtaniya ba ta da rubutaccen tsarin mulki da za ta buɗe ta duba. Al'ada ce ke tafiyar da ita, da hukuncin da magabata suka yanke, kuma kafin May wannan ilimi a warwatse yake cikin tsofaffin littattafai da kawunan 'yan tsirarun ma'aikata. A 1844, yana da shekara 29, ya tattara shi a littafi guda a kan dokokin majalisa da alfarmarta da yadda take gudanar da aiki. Sunan littafin dogo ne, shi ya sa har yau ba a kiransa sai da sunan mai shi. Sau tara aka buga shi yana raye, kowane bugu da gyara da ƙari, aka kuma fassara shi zuwa harsuna irin su Jamusanci da Faransanci da Japananci.

Daga nan ya riƙa hawa. A 1846 ya zama mai tantance buƙatun kamfanoni da garuruwa da ke neman doka ta musamman, daidai lokacin da haukan shimfiɗa layin dogo ya kama Ingila, har majalisa ta zartar da dokokin jirgin ƙasa fiye da 250 a wannan shekara kaɗai. A 1856 ya zama mataimakin akawu, a 1871 ya zama Akawu. Takardar naɗinsa daga fadar Sarauniya take fitowa, saboda haka faɗuwar gwamnati ba ta taɓa kujerarsa.

Abin da ba ya jira

Daga ranar da May ya fara aiki zuwa ranar da ya bari, mutum 11 ne suka riƙe muƙamin firaminista, tun daga Lord Grey har zuwa Salisbury, kuma mulki ya sauya hannu kusan sau ashirin. Masu tarihi sun fi son labarin wanda ya kayar da wane. Amma a kowane sauyi akwai ayyukan da ba ruwansu da wanda ke kan mulki, kuma su ne bakin aikin akawu.

Na farko kuɗi. Gwamnati ba ta da ikon kashe ko sisi a kan sojoji da ma'aikata sai majalisa ta amince, shekara bayan shekara. Idan gwamnati ta faɗi ba a gama ba, sai a amince da wani kaso na wucin gadi don kada albashi ya tsaya. Na biyu sojoji. Tun 1689 dokar ladabtar da sojan ƙasa ta shekara guda ce, dole a sabunta ta, in ba haka ba kwamandoji su rasa ikon hukunta na ƙasa da su. Turawan Ingila sun yi haka da gangan ne, don kada wani sarki ya iya riƙe runduna ba tare da kiran majalisa ba. Sai kuma dokokin da wa'adinsu ke ƙarewa, da buƙatun kamfanonin jirgin ƙasa da na ruwan sha da ke kan layi. Al'adar da aka bi ita ce, ministocin da suka yi murabus su ci gaba da riƙe hatiman ofisoshinsu har a naɗa magada, a jingine duk ƙudurin da ke da rigima, a wuce da wanda ba makawa.

Akwai kuma wata doka da ta daɗa dagula lamarin, wadda mai karatu na yau zai yi mamakinta. Tun zamanin Sarauniya Anne, farkon ƙarni na 18, duk ɗan majalisar da ya karɓi muƙamin minista sai ya sauka daga kujerarsa ya koma mazaɓarsa neman ƙuri'a. Ma'ana, da zarar an kafa sabuwar gwamnati, manyanta duk suna waje. Abin da majalisa za ta yi shi ne ta ba da umarnin zaɓukan cike gurbi, ta ɗage zama ko ta yi ta ƙananan ayyuka har su dawo. Galibi ba a tsaya musu hamayya, amma ba kullum ba. A 1880 Sir William Harcourt, sabon ministan cikin gida, ya koma Oxford ya faɗi, sai da wani ɗan jam'iyyarsa ya sauka ya bar masa kujerar Derby. Ba a soke wannan doka gaba ɗaya ba sai 1926.

A irin wannan giɓi ne aka haifi rikicin da ya fi kowanne daɗewa a zamanin May. A farkon watan Mayun 1880, Gladstone da manyan ministocinsa ba su dawo daga mazaɓunsu ba, Charles Bradlaugh, zaɓaɓɓen wakilin Northampton wanda ya bayyana cewa bai yi imani da Allah ba, ya nemi a bar shi ya yi alkawari maimakon rantsuwa. Babu wani babba na gwamnati a zauren da zai kashe maganar nan take, sai aka tura ta ga kwamiti, kwamitin ya ƙi. Da Bradlaugh ya dawo ya ce to zai rantse, May na shirin ba shi rantsuwar ke nan wani ɗan adawa, Sir Henry Drummond Wolff, ya miƙe ya ƙalubalanta. Abu kamar wasa, sai da aka kwashe kusan shekara shida ana korar mutumin, mutanen Northampton suna sake zaɓensa.

Wani aikin da ke faɗo wa akawu a farkon kowace sabuwar majalisa shi ne jagorantar zaɓen kakaki. Da yake shi ba zaɓaɓɓe ba ne, ba ya kiran sunan kowa: miƙewa yake yi ya nuna wanda zai yi magana da yatsa, ya koma ya zauna. Birtaniya ta sauya wannan tsari a farkon shekarun 1970, ta miƙa aikin ga ɗan majalisar da ya fi daɗewa. A Najeriya da Ghana kuwa har yanzu akawu ne ke riƙe zama na farko, kuma wanda ya kalli hargitsin zaɓen kakaki a Accra a daren 7 ga Janairun 2021 ya san nauyin da ke kan wannan kujera a sa'o'in da majalisa ba ta da shugaba.

Zaman sa'a 41

May ba mai bautar tsohuwar al'ada ba ne. Tun a shekarun 1840 da 1850 yake rubutu cewa majalisa na ɓata lokaci a kan matakan da ba su da amfani, yana ba da shawarar a riƙa tura ƙudurori ga manyan kwamitoci maimakon kowa ya taru a kan kowane saƙo da lungu na doka. An daɗe ba a saurare shi ba, sai da wakilan Ailan ƙarƙashin Charles Parnell suka gano cewa ƙa'idojin ba su hana mutum yin magana iya son ransa ba, suka mayar da dogon jawabi makami.

Ranar Litinin 31 ga Janairun 1881 aka ci gaba da muhawara a kan ƙudurin da zai ba gwamnati ikon tsare mutane a Ailan ba tare da shari'a ba. Aka kwana biyu ana yi. Da safiyar Laraba, bayan sa'a 41, Kakaki Henry Brand ya tsayar da muhawarar da ikon kansa ya sa a kaɗa ƙuri'a, alhali babu ƙa'idar da ta ba shi wannan dama. May ne babban mai ba shi shawara a kan ƙa'ida. Kashegari aka dakatar da wakilan Ailan fiye da talatin, a 1882 kuma aka rubuta ƙa'idar rufe muhawara, aka fara gwada manyan kwamitocin da May ya daɗe yana kira a kafa.

A nan ne ya kamata a auna shi da kyau. Gyaran ya ceci majalisa daga tsayawa cik, amma dokar da aka fara share wa hanya da shi ta tsare mutane ce babu shari'a, kuma waɗanda aka rufe wa baki 'yan tsiraru ne da ba su da wani makami sai baki. Tun daga lokacin, lokacin majalisa ya riƙa komawa hannun gwamnati. Littattafansa na tarihi ma, ɗaya a kan tsarin mulkin Ingila daga 1760 zuwa 1860, ɗaya a kan dimokuraɗiyya a Turai, sun nuna mutum ne da ya yarda cewa Ingila kullum gaba take yi wajen 'yanci. Masana na baya sun soki wannan kallo, yau kuma ba a cika karanta su ba.

Shekarar ƙarshe

Rikicin 1885 ya warware a mako na huɗu na Yuni, kwana ɗaya ko biyu bayan rasuwar Mahadi a Omdurman. Salisbury ya karɓi mulki, dokar mazaɓu ta samu amincewar Sarauniya ranar 25 ga wata, sababbin ministoci suka tafi neman kujerunsu. Sir Michael Hicks Beach, wanda gyaransa ne ya kayar da kasafin Gladstone, shi ya zama ministan kuɗi, dole ya kawo nasa. Ya jingine ƙarin harajin giya, ya riƙe ƙarin harajin kuɗin shiga da ya tarar. Aka yi zaɓe a Nuwamba da Disamba.

A Janairun 1886 May ya sake jagorantar zaɓen kakaki, ya kuma ga ƙarshen maganar Bradlaugh, domin Kakaki Arthur Peel ya ƙi sauraron kowace ƙalubala ya bari mutumin ya rantse. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Salisbury ta faɗi, Gladstone ya dawo karo na uku. Gwamnati uku ke nan cikin wata takwas suka zauna a hannun daman kakaki.

Lafiyar May ta riga ta yi rauni. Ya ajiye aiki a watan Afrilu, lokacin da majalisa ta shiga muhawarar ba Ailan 'yancin cin gashin kai. A watan Mayu aka ba shi sarautar Lord Farnborough, amma kimanin mako guda ya yi da ita. Ya rasu ranar 17 ga Mayun 1886 yana da shekara 71. Bai bar ɗa ba, sarautar ta mutu tare da shi, tana cikin mafiya gajeren rai a tarihin Birtaniya.

Akawunan da suka biyo bayansa sun ci gaba da sabunta littafin, majalisun ƙasashen Commonwealth da dama, ciki har da na Afirka ta Yamma, suka gaji yawancin ƙa'idojinsa. A watan Maris na 2019, ana tsakiyar dambarwar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Kakaki John Bercow ya kafa hujja da shi wajen hana gwamnatin Theresa May sake kawo yarjejeniyar da majalisa ta riga ta ƙi ba tare da an sauya ta ba, bisa wata al'ada da ta faro tun 1604. A wannan shekarar aka fitar da bugu na 25, aka kuma saka shi a intanet kyauta a karon farko.