Labuwaziye, mai binciken wuta da iska

An haifi Antuwan Labuwaziye a birnin Pari, ƙasar Faransa, a shekarar 1743. Ya karanci shari'a, amma hankalinsa yana wajen bincike. Matarsa Mari-An tana taya shi aiki, tana rubutawa, tana zanawa.

A zamaninsa ba a san abin da ke sa wuta ci ba. Labuwaziye ya ƙona abubuwa cikin rufaffun kwalabe, yana aunawa. Ya gano wuta tana cinye wani kashi na iska, kusan ɗaya cikin biyar. Ya raɗa masa suna oksijan. Ya nuna shi muke shaƙa mu rayu. Ya kuma binciki iskar asibitoci da gidajen kaso.

Labuwaziye yana cikin masu karɓar harajin sarki. Lokacin juyin juya hali, aka fille masa kai a 1794.

Iliminsa yana tsare mu har yau. Murhun gaz ko na gawayi, in iska ta ƙaranta, yana fitar da guba marar wari, mai kashe mutum cikin barci. Saboda haka, in an kunna shi a ɗaki, ko ana ɗari, a bar taga buɗe.