Sarki Alhaji, Wanda Jami'ar Kano Ke Ɗauke da Sunansa

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Bayero sun ɗauka Marigayi Ado Bayero ne mai sunan. Ba haka ba ne. Sunan mahaifinsa ne, Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda Kanawa ke kira Sarki Alhaji, kuma bai ma ga jami'ar da idonsa ba.

An haife shi a shekarar 1881, ɗa ne ga Sarkin Kano Abbas. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya riƙe sarautar Ciroma yana hakimcin Bichi, sannan ya hau gadon sarauta a 1926 bayan rasuwar Sarki Usman. A zamaninsa ne ruwan famfo da wutar lantarki suka shiga birni, aka kuma sake gina babban masallacin Juma'a. Ya ziyarci Ingila a 1934, ya sauke farali a 1937.

Sai dai mu da muka tsufa a bakin allo, abin da ya fi girma a idonmu shi ne makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da ƙwazonsa. A wancan lokaci iyaye na ɗari-ɗari da boko, suna ganin zai raba yaro da addininsa. Shi kuwa Sarki ya fahimci cewa alƙalin gobe sai ya haɗa fiƙihu da tsarin zamani. Aka ɗauko malamai daga Sudan, suka zaunar da ɗalibai a aji, da jadawali da jarrabawa, abin da zaurukanmu ba su saba da shi ba. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci.

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Disamba na 1953, Allah Ya jiƙansa.

Bayan shekara bakwai, a 1960, a harabar wannan makaranta tasa aka buɗe kwalejin share fagen shiga jami'a, aka sa mata sunan Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta. A ganinmu wannan sauyi ya dace, don an mayar wa mai gona gonarsa. Hatta zumuncin Sudan bai yanke ba, domin shahararren malamin nan Abdullahi Aɗɗayyib ya shugabanci kwalejin a farkon tafiyarta. Ta zauna na ɗan lokaci a tsohon otal na filin jirgin sama kafin ta tare kusa da Ƙofar Kabuga. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur, a lokacin ɗansa Ado na kan karagar Dabo.