Ephraim Amu: malamin kiɗan da aka sallama saboda tufafin gargajiya

An haifi Ephraim Amu a Peki-Avetile a 1899. Yana malamin kiɗa a kwalejin horar da malamai ta Akropong ya hau mumbarin coci da mayafin gargajiya maimakon kwat. Shugabannin cocin suka nemi ya daina, ya ƙi, aka sallame shi a 1933. Makarantar Achimota ta ɗauke shi, daga baya ya koyar a kwalejin fasaha ta Kumasi, wadda ta zama jami'ar KNUST. Shi ya gyara sarewar gora ta atenteben har ta shiga aji. Waƙarsa Yen Ara Asaase Ni kuwa, har yau ana rera ta tamkar taken ƙasa na biyu. Ya rasu a 1995.